Jajayen Ƙyallaye a Hanyar Kaɗanya

Keke ba baƙo ba ne a wurina. A Tamale mace ba ta zama jiran mai kai ta kasuwa, ɗaure zani take yi ta hau. Ni tun ina goyon ɗana na fari nake tuƙawa, kuma wanda nake hawa yanzu ya haura shekara ashirin a hannuna. Baƙi ne, mai kariya a baya, birkinsa na sandar ƙarfe, in ka matsa sai ya yi kuka kafin ya kama. Shi ke kai ni daji tsintar kaɗanya, shi ke dawo da ni da daro cike, shi ke kai man kaɗen da na dafa kasuwar Aboabo. Saboda haka ranar da jikata ta turo wani keke cikin gida, taya kamar ta babur, ba kariya, ba ƙararrawa, ba ko abin jingine shi, tambaya ɗaya na yi mata.

"Me ake ɗauka da wannan?"

"Ba a ɗaukar komai, Kaka. Kanki kaɗai kike ɗauka."

"To, naki kan ai ba nauyi. Zai yi gudu."

Ta yi dariya, ni ban yi ba.

'Yar ɗana ce. A hannuna ta tashi tun tana shekara huɗu, da iyayenta suka koma Kumasi neman abinci suka bar mini ita. A lokacin da wannan abu ya faru ta wuce ashirin, tana ɗinki a wani shago a Sakasaka. Can ta haɗu da wata ƙungiya ta masu hawan irin wannan keke, maza da 'yan mata kaɗan. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, ba mu da dutsen da za a hau, sai suka riƙa bin bayan gari suna neman duk inda ƙasa ta lalace: kwazazzabon da ruwa ya ci, gangaren dam, hanyar shanu. Inda mai hankali zai sauka ya tura, nan suke so.

Sau biyu ta dawo da gwiwar hannu a ƙuje. A na uku na ce kada in ƙara ganin keken nan a gidana. Ban ƙara ganinsa ba kuwa, a shagon ɗinki take kwana da shi. Amma ina ganin jar ƙasa a ƙafar wandon da take wankewa ta shanya a bayan ɗaki, ina ganin yadda take lallaɓawa ta zauna ranar Lahadi. Na sani, ta san na sani. Muka zauna a haka.

Itatuwan da nake tsinta suna ƙasar dangin mijina, Allah ya jiƙansa, a wani ƙauye da gari ya kusa haɗiyewa. Ƙasar ba tawa ba ce. Abin da mace take da shi a can shi ne abin da ya faɗo daga itace, kuma kowace ta san nata. A da nawa sun fi haka yawa. Sau biyu aka ci mini su, kuma duk sau biyun hanya ɗaya aka bi. Da farko za ki wayi gari ki ga jan ƙyalle ɗaure a reshe ko a kan turke. Bayan kwana biyu sai ga mutane da igiyar awo. Sai gajerun ginshiƙan siminti a kusurwa huɗu. Sai injin yankan itace. Ba wanda zai zo ya ce miki, tsohuwa, an sayar. Jan ƙyallen nan shi ne duk sallamar da za a yi miki. A ƙasar nan kowa ya san ma'anarsa a fili: ko an yanka fuloti, ko ana rigima a kan wurin.

Abin da ya rage mini shi ne na gangare, wajen itace talatin, a kan tsohuwar hanyar rafi. Dole in kwatanta hanyar nan. Siririya ce, ta ƙafa, tana saukowa daga tudu tsakanin kaɗanyoyi har ta iso wata babbar ɗorawa. A gindin ɗorawar ta rabu biyu. Ta hagu ta karkata ta bi gefen gonaki ta koma gari. Ta gaba, wadda ta fi faɗi, ta fi kama da hanya, ita ce mai miƙewa zuwa rafi. Da can ke nan. Shekara biyu kafin wannan rana masu tifa suka zo haƙar burji don aikin titi, suka cinye ta. Yanzu in ka bar ɗorawa da taku arba'in, ka ratsa wata ciyawar gamba da ta fi mutum tsayi, ƙasa ta ƙare. Rami ne, zurfin mutum uku a kan juna, bakinsa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, ƙasansa duwatsu da ruwan damina. Daga sama ba ka ganinsa sai ƙafarka ta kai. Mu matan da ke tsinta mun san da shi. Akuya biyu ba su sani ba.

Wata Asabar ce cikin damina, kaɗanya na zuba. Na yi sallar asuba na fita, don wadda ta makara sawun 'yan'uwanta kaɗai za ta tsinta. Ɗakin jikata a rufe, na ɗauka barci take yi. Gari na gama wayewa na isa kan tudu. Ina sunkuye ina buga ciyawa da sanda saboda maciji, na ɗago, sai idona ya faɗa kan jan ƙyalle a reshen da ke gabana. Sabo fil, yankan almakashi. Na duba gaba, ga wani. Gaba kuma, ga wani. Sun jeru har gangare.

Ban zauna kuka ba. Sau biyun farko na yi, bai tsayar da inji ba. Na ajiye daro na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa. Wanda ya yi mini nisa na janyo reshen da sanda. A gindin ɗorawa sun fi yawa: uku a jere a gefen hagu, da wani dogo da aka ja kamar igiya daga kututture zuwa wani turke, ya tare bakin hanyar rafi. Na ce a raina, ga iyakar fulotin nan. Na tumɓuke turken na wurgar. Akwai kuma wani ɗan allo mai rubutu. Ban iya karatu ba, amma na sha ganin allo a filin da aka sayar. Shi ma na cire. Irin wannan kaya ba a kai shi gida, ba ka san abin da aka tofa a kai ba, sai na dunƙule su na cusa a ramin wani suri can cikin daji, na danna da sanda har suka ɓace. Na san wannan ba zai hana mai ƙarfi abin da ya yi niyya ba. Amma na ce ko ba komai su sake wahala, su san akwai mai ido a wurin.

Na cika darona, na ɗaure a kariya, na kama hanyar gida.

Hanyata tana bi ta gefen filin ƙwallo na wata makaranta a bakin gari. Tun daga nesa na ji lasifika. Jama'a cike, an kafa rumfa, ga masu koko da ƙosai, ga wasu mata biyu 'yan unguwarmu masu sayar da ruwan leda. A tsakiya masu kekunan nan sun yi sahu, sun fi talatin, kowa da hular kwano da lamba a ƙirji. Na sauka don in ratsa. Ban neme ta ba, amma ko ta baya na san kafaɗun yarinyar da na goya. Tana sahu na biyu, ta ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular. Ta waiwayo, muka haɗa ido, ta kau da kai. Aka busa usur, suka tashi gaba ɗaya suka fice ta bayan makaranta.

Ina tsaye riƙe da kan keke sai shugabansu ya nufo ni. Ticha suke ce masa, mutumin kudu ne, yana koyarwa a wata sakandare. Ya taɓa zuwa gidana roƙon in bar yarinyar ta riƙa hawa, na ba shi ruwa na sallame shi. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Mama, sannu. Ka zo kallo? Yarinyanka yana da ƙarfi, yau zai ci."

"Daga aiki nake. Ina suka nufa haka?"

"Sabon hanya. Ba wanda ya sani, sai ni da mutum biyu. Za su zagaya dam, su hau tudu, su sauko wurin itacen kaɗe, su dawo nan."

"In ba su sani ba, ta yaya za su bi?"

"Mun ɗaura jan tsumma jiya da yamma. Sarkin ƙauye ya ba mu izini. Inda tsumma yake, nan hanya. Wurin babban rami ma mun rufe, ba matsala."

Yana faɗa yana murmushi. 

A nan ya kamata in buɗe baki. Maganar ba ta da tsawo: ni na cire. Ga shi a gabana, ga waya a hannunsa. Amma ga matan unguwarmu sun matso suna gaishe ni, ɗayar tana cewa, "Mma, ashe kin sauko, kin zo yi wa jikar taki addu'a." Shekara da shekaru ni ke gyara wa mutane zama a unguwa, ni ke cewa wance rufe tukunyarki, wane ɗauke babur ɗinka daga ƙofa. Ban taɓa tsayawa a gaban jama'a na ce na yi ɓarna ba. Bakina ya ƙi. Na ce a raina, zagayen dam da nisa, ni kuma na san yanke, zan riga su in gyara, ba wanda zai ji. Cire ƙyallayen rashin sani ne. Wannan shirun da sanina na yi shi.

"Yaushe za su kai itatuwan?" na tambaye shi.

"Masu sauri, kamar minti ashirin da biyar."

Ban ƙware da minti ba, amma na san bai kai dahuwar shinkafa ba. Na kwance daro na dire a gaban mai ruwan leda.

"Riƙe mini."

"Mma, lafiya?"

Na hau keke na taka.

Yanken yana bi ta bayan wasu gidaje da ba a gama ginawa ba, ya ratsa gonar masara, ya sauka wani kwari ya hau. Kullum a hankali nake binsa ina tasbihi. Ran nan na taka feda har sarƙa tana ƙara. A gonar masara ruwan shekaranjiya bai tsane ba, taya ta nutse, na sauka na tura. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na bar shi. A kwari na ja keken sama kamar ina jan akuya mai taurin kai, ƙirjina kamar ana hura gawayi a ciki. Abu ɗaya ke cikin kaina: ita ta san hanyar nan. Tana ƙarama kullum tana bayana a kan kariya, mu wuce ɗorawa mu miƙe zuwa rafi ta yi wanka. Tun da ta fara ɗinki ba ta ƙara zuwa ba, ramin kuma ban taɓa ba ta labarinsa ba, don ba mu cika hira ba. Baƙo in ya iso ɗorawa bai ga alama ba, wataƙila ya yi shakka ya rage gudu. Ita ba za ta yi shakka ba.

Na iso na tarar da shiru, sai kukan kurciya. Na duba ƙasa, ba sawun taya sai nawa na safe. Na yi hamdala. Surin da na cusa ƙyallayen yana da nisa, kuma na danna su inda hannu ba ya kaiwa. Sai na yi abin da muke yi. A daji in kana so ka gaya wa na bayanka kada ya bi wata hanya, reshe kake karyowa ka gitta a bakinta. Duk mai tsintar kaɗanya, duk manomi, duk makiyayi ya san wannan, ba ya ƙetare reshen da aka gitta. Na ga ɗanyen ganye kaɗai ba zai isa ba, sai na kama wani busasshen reshen ɗorawa da iska ta karya, kauri kamar cinyata, na ja shi da baya da baya har na shimfiɗa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Na ɗora ganye a kai. Na koma bakin hanyar hagu na tsaya don in nuna musu da hannu. Har numfashina ya fara dawowa.

Sai na ji ƙarar taya a kan tsakuwa daga saman tudu. Mutum ɗaya ne, ya ba sauran rata, magidanci mai gemu, ya kwanta a kan keken. Na ɗaga hannu ina nuna hagu. Bai dube ni ba. Wa ke duban tsohuwa a gefen hanya? Idonsa na kan reshen. Na ga ya ɗaga jikinsa daga sirdi, ya fizgi kan keken sama, ya tashi da shi ya ƙetare, har da ɗan ihun jin daɗi. Daga baya aka gaya mini su da kansu suke ajiye gungume a hanya don su yi tsalle a kai. Abin da na sa don ya ce masa kada ka bi, a wurinsa cewa ya yi nan ne.

Na ƙwalla masa kira da duk muryar da Allah ya ba ni. "Rami! Rami a gaba!"

Ya waiwayo. Na ji birki, na ga bayan keken ya goce, gambar ta buɗe ta rufe. Sai ƙarar ƙarfe a kan dutse, can ƙasa. Sai shiru.

Na yi taku biyar zuwa wurinsa na tsaya, don saman tudu ya sake ɗaukar ƙara, wannan karon da yawa. In na tafi duba shi, hanya a buɗe take. Na juyo na tsaya a tsakiyar hanyar rafi, gaban reshen, na cire mayafina na ware shi da hannu biyu iya faɗina. Ban san ko na bayana yana numfashi ba.

Biyu suka zo tare. Na gaba ya daka mini tsawa in kauce, ban motsa ba, ya karkata hagu don dole, na biyun ya bi shi yana zagi da Dagombanci. Na uku ya kusa share ni da kafaɗa. Kowanne ina faɗa masa rami ne, amma iska ke kwashe maganar. Suka ɓace bayan ciyawa.

Mai biye musu ita ce. Na gane ta tun daga sama. Ita ma ta gane ni, kuma na san abin da ta gani: kakar da ta hana ta keke ta biyo ta har daji ta tare mata hanya. Ba ta ga inda na gabanta suka bi ba.

"Kaka, matsa."

"Hagu."

"Na san hanya. Matsa mini."

Ba ta rage gudu ba. Ta karkata dama, inda reshen ya yi siriri, inda akwai 'yar kafa tsakanina da kututture. Na ga za ta shige. Ban yi shawara da kaina ba. Na saki mayafi na faɗa mata da jikina duka, hannuna ya kama kan keken. Abin da na tuna shi ne sama ta juya, sai ƙasa a bakina, sai taya tana ta juyawa kusa da kunnena.

Ta riga ni tashi. Gwiwarta na jini, hular ta karkace. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Har nan? Har nan kika biyo ni? Kashe ni za ki yi ki huta?"

Na so in yi magana, numfashi ya ƙi. Hannuna na dama yana kwance a wata irin karkata da ba tasa ba. Na nuna ciyawar da na hagu.

"Rami," na ce. "Masu tifa sun cinye hanyar. Akwai mutum a ciki."

Ta dube ni, ta dubi ciyawar. Wani keke ya taho, na ce, "Tare shi." Ta tare shi, kuma da yake da lamba a ƙirjinta ya tsaya. Ta ce masa ya tsaya nan kada ya bar kowa ya miƙe. Sannan ta tafi a ƙafa, a hankali, ta buɗe gambar da hannu biyu. Na ga bayanta ya sandare. Ta daɗe a tsaye. Daga inda muka faɗi zuwa inda take, a gudun da ta zo da shi, bai fi numfashi uku ba.

"Yana motsi," ta ce, ba ta juyo ba. Sai ta ɗaga murya. "Yaya, kada ka tashi. Zauna yadda kake, muna zuwa."

Daga ƙasa na ji ya amsa da salati.

Tsere ya watse a nan. Duk wanda ya iso sai ya jingine keke. Wasu suka zagaya ta inda tifa take shiga da, suka kai gare shi. Aka buga waya, aka nemo motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Ni an jingine ni a gindin ɗorawa, jikata ta cire ɗankwalinta tana ɗaure mini hannu a ƙirji. 

Ticha ya iso a bayan babur, ya diro tun ba a tsaya ba. Ya leƙa ramin, ya dawo yana zagaya ɗorawa yana shafa kututture.

"Ina tsumma? Ni da hannuna na ɗaura. Ina allo? Wane ne ya yi wannan?"

Wani ya ce 'yan ƙauyen nan ne, dama ba sa son ganin keke a gonakinsu. Wani ya ce makiyaya ne, ya ga shanu da safe. Wani dogo ya ce a tashi yanzu a shiga ƙauyen, gida gida, sai an fito da wanda ya yi. Na ga mutum huɗu sun ɗaga kekunansu. Jama'ar da ke wurin ta kusa kai ta filin makaranta, kuma yanzu ransu a ɓace yake.

"Ni ce," na ce.

Ba su ji ba, sai da na maimaita.

Ticha ya sunkuyo. "Mama, ka ce me?"

"Ni na cire su da sassafe. Na ɗauka masu yanka fuloti ne. Kuma da ka gaya mini a fili na gane, ban faɗa maka ba."

Hannun jikata ya tsaya a kan ƙullin da take yi. Can ta ci gaba da ɗaurewa.

Ticha ya daɗe yana dubana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ina da mutum a dam, yana ba su ruwa," ya ce. "Waya ɗaya, Mama. Da duka sun tsaya a can."

 Masu shirin shiga ƙauye suka mayar da kekunansu ƙasa. Dogon nan ya tofar da yawu gefe ya juya mini baya.

Motokin ɗaya ya ɗauke mu zuwa asibiti, ni da mutumin. An shimfiɗa shi a kan rigunan 'yan'uwansa, an ɗaure ƙafarsa da sanda biyu, gemunsa duk jar laka. A hanya na ji mai walda ne a Zogbeli, da mata da 'ya'ya uku. Duk ramin da muka faɗa a titi sai ya cije leɓe. Can ya buɗe ido ya gan ni.

"Mma, ke ce kika yi ihu?"

"Ni ce."

"Allah ya saka. Da ban ji ki ba, da kai zan shiga."

An ɗauko shi ta ƙasa, bai ji abin da aka yi a gindin ɗorawa ba. Ina iya yin shiru, wani ya gaya masa daga baya. Na yi irin wannan shirun sau ɗaya da safe.

"Ni ce kuma na cire alamar," na ce. "Reshen da ka ƙetare ma ni na sa."

Ya dube ni. Ya mayar da idonsa ya rufe har muka isa.

Wata biyu hannuna yana ɗaure. Jikata ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini zani, ita ke dafa kaɗanyar da aka kawo mini daga wurin mai ruwan leda don kada ta lalace. Kwana da kwanaki ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga hannu, juya, zauna. Wata safiya tana cuɗa mini baya ta ce, "Shekara biyu ramin nan yana nan, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ki tambaya ba."

"Kaka."

"Ban faɗa ba," na ce. Ta zuba mini ruwa.

Tana nan da ƙafafunta biyu, tabo kaɗai ya rage a gwiwarta. Shi mai waldan kuwa cinyarsa a wuri biyu ta karye, har da ƙugu. Yana tafiya yanzu, da ɗingishi, walda kuma a zaune yake yi a kan benci. Keke kam ya bari. In zan wuce ta gaban shagonsa a Zogbeli ina sauka tun daga nesa in turo, in tsaya in gaishe shi. Wata rana ya cire gilashin walda ya amsa har ya tambayi jikata. Wata rana ya ɗaga hannu kawai, bai ɗago daga ƙarfen da yake ƙonawa ba. Duk wadda ya ba ni ina karɓa, in tura kekena in wuce.